Na'urar Maimaita Kira: Amfaninta Da Iyakarta

'Yan'uwa manoma, a zagayen da mu ke yi na jam'iyyun gama kai, akwai kukan da mu kan ji daga bakin magatakarda, musamman da faɗuwar damina. Sai mutum ya wuni yana buga wa ma'ajiyar taki waya, ko malamin dabbobi, amma layi ya ƙi shiga, ga shi kuwa shuka ba ta jira, saniya marar lafiya ma haka. Saboda haka muka ga ya kamata mu yi bayani a kan wata dabara wadda ta ke sa waya ta yi ta sake buga lamba da kanta har a samu shiga.

Asalin Dabarar

A zamanin tarho na tebur, wanda a ke juya faifan lambobinsa da yatsa, in an tarar ana magana a kan layi, dole a ajiye a sake juya lambobin ɗaya bayan ɗaya. Don rage wannan wahala aka ƙera wani ɗan akwati da a ke haɗawa da tarhon gida ko na ofis. Akwatin ya kan riƙe lamba, ya buga, ya saurara. In ya ji ƙarar nan mai yankewa da ke nuna wani yana kan layi, sai ya ajiye, ya dakata, ya sake bugawa. In an shiga, sai ya yi ƙara don mai shi ya zo ya ɗauka.

A Nijeriya kaɗan ne suka san wannan akwati, gama kafin wayar salula ta GSM ta fara aiki a shekarar 2001, layukan tarho na ƙasar duka wajen rabin miliyan ne kawai. Yanzu kuwa an sa aikin akwatin a cikin wayar kanta. Wayoyin hannu masu maɓalli da yawa suna da shi, haka kuma wayar tebur mai sim da a ke ajiyewa a ofis. A kan same shi a wurin saitin kira. Amma ba kowace waya ce ke da shi ba, har cikin manya masu tsada.

Me Ya Sa Aka Yi Mata Iyaka?

Waɗansu sun tambaye mu dalilin da ya sa wayar ta kan daina bugawa bayan wani lokaci, suna tsammani ta lalace. Ba lalacewa ba ce, da gangan aka yi. Ku dubi rijiya guda da jama'a suka taru a bakinta. In kowa ya zura guga a lokaci ɗaya, igiyoyi za su sarƙe, ba mai samun ruwa. Haka tashar waya ta ke, kowane bugu yana cin wuri ko bai shiga ba.

Don haka ƙa'idar wayar salula ta ce, in ana kan layi ko an kasa samun mutum na ɗan lokaci, kada waya ta maimaita fiye da sau 10. Kafin maimaici na farko za ta dakata aƙalla daƙiƙa 5, na biyu zuwa na huɗu minti 1 kowanne, daga na biyar kuwa minti 3. Wato goman nan sun fi minti 20. In lambar ba ta aiki sam, sau ɗaya kawai za ta sake. A Amurka ma doka ta tsaida irin wannan akwati a kan bugu 15 ga lamba guda, muddin yana iya gane ƙarar layin da a ke kai. Wanda ba ya iya ganewa, bugu 2 ne nasa.

Shawararmu Ga Magatakarda

1. Ku fara sanin abin da ya hana kira shiga. In ana kan layi ne, maimaitawa tana da amfani. In wayar mutumin a kashe ta ke, ko yana daji inda ba sabis, ku aika masa rubutaccen saƙo, zai same shi sa'ad da ya fito.

2. Kada ku kunna maimaitawa ku jefa waya cikin aljihu ku koma noma. Bugun da bai shiga ba ba ya cin kuɗi, amma da zarar an ɗauka kati ya fara tafiya, ko kuna magana ko ba ku yi. Kuɗin nan kuwa gumin 'yan jam'iyya ne, ma'aji zai ba da lissafinsa a taro.

3. Ku rubuta abin da za ku faɗa tun kafin ku buga: buhu nawa, wane irin taki, wace rana mota za ta zo. Abin takaici ne a sha wahala a samu layi, sa'an nan a shiga neman littafi.

4. Ku duba lamba sosai. In kun yi kuskuren ɗaya, waya ba ta sani ba, wani bawan Allah za ta yi ta damu.

5. Ku tuna da caji. A ƙauyen da sai an kai waya kasuwa a biya kafin a yi mata caji, yawan bugu yana shanye batir.

6. In rai ne ke cikin haɗari, kamar mace mai naƙuda ko wanda maciji ya sara, kada ku zauna jiran lamba guda. Ku gwada wata, ku kuma tashi mai babur nan da nan.

Ya kamata kowace jam'iyya ta riƙe lambobi biyu na kowane wurin da ta ke hulɗa da shi, a rubuce a bangon littafin taro. A taronku mai zuwa, bari magatakarda ya kawo wayar jam'iyya ku duba tare ko tana da wannan dabara, ku gwada ta tun buƙata ba ta taso ba.