Ko Kun Sani? Mutumin da ya rubuta wa Elvis waƙoƙi

Manyan waƙoƙin Elvis Presley biyu, "Don't Be Cruel" ta 1956 da "All Shook Up" ta 1957, Otis Blackwell ne ya rubuta su, wani baƙar fatar Amurka haifaffen Brooklyn. Yakan rera waƙar a faifan gwaji da fiyano, a kai wa Elvis, shi kuma ya bi salon muryar sau da ƙafa.

Sai dai akwai sharaɗi: dole a sa sunan Elvis cikin marubutan, a raba kuɗin da shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan.

Blackwell na cikin marubutan "Great Balls of Fire" ta Jerry Lee Lewis. Ya rasu a Nashville a 2002.