Makarantun nazare na kuɗi a Kano: me iyaye ke dubawa kafin su sayi fom?

Da Satumba ta ƙarato, hira a gidajen suna da motocin haya a Kano takan karkata ga abu ɗaya: wace makaranta za a saka yaro ɗan shekara uku? A da, sai yaro ya iya ɗora hannu bisa kai ya taɓo kunnensa ake kai shi aji ɗaya. Yanzu wanda bai daɗe da barin nono ba ma yana da yunifom da jaka.

Dalilan a fili suke. Mata da yawa suna fita aiki ko kasuwanci, kuma zaman babban gida, inda kaka ko goggo ke riƙe yaro, yana raguwa a birni. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta tanadi ajin share fage a firamaren gwamnati, amma cunkoso ya sa duk mai ɗan hali yana neman makarantar kuɗi, musamman wadda ta haɗa boko da haddar Alƙur'ani.

Sai dai ma'aunin da yawancin iyaye ke awo da shi yana damuna. Abu na farko da suke so su ji shi ne yaron maƙwabci yana Turanci. Masu makarantu sun gane haka, shi ya sa wasu suke hana Hausa a aji, suke ɗora wa ɗan shekara uku aikin gida da rubuta ɗaya zuwa ɗari, alhali yatsunsa ba su gama ƙwarin riƙe fensir ba. Yaro yana rera abin da bai fahimta ba, uwa tana murna. Har intabiyun shiga ake yi wa waɗannan 'yan ƙanana, wanda sau da yawa aljihun uba yake aunawa fiye da basirar ɗa. Yaron da ya ga baƙuwar fuska ya yi shiru ba daƙiƙi ba ne, kunya ce ta shekarunsa.

Shi kuwa ajin, kaɗan ne ke leƙa shi. Makarantu da dama gidajen haya ne aka mayar, ɗakin kwana ya zama aji, ba filin wasa, ba taga mai shigo da iska a zafin Afrilu. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 25 a wannan mataki. Kafin uba ya biya, ya ƙirga kawuna da idonsa, ya duba ban ɗaki da ruwan sha, ya tambayi shekara nawa Anti, wato malamar ajin, ta yi a makarantar. Inda albashi bai taka kara ya karya ba, malamai ba sa zama, yaro kuma yana shaƙuwa da mai kula da shi ne kafin ya koyi komai daga gare ta. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin makaranta ya hau, amma ba ko'ina ƙarin ya isa hannun malamai ba.

A wuri ɗaya iyaye sun farka. Bayan an gano a Janairun 2022 cewa mai wata makaranta ne ya sace ɗalibarsa 'yar shekara biyar ya kashe ta, gwamnatin Kano ta soke lasisin makarantu masu zaman kansu domin sake tantance su. Tun daga nan ake tambayar wa ke gadin ƙofa, wa aka yarda ya ɗauki yaro idan an tashi, ko makarantar tana da rajista.

Wannan matsin ya sa makarantu da yawa sun gyara ƙofofinsu. Irinsa ake buƙata a kan abin da ke faruwa cikin aji, kuma hanyarsa mai sauƙi ce: uwa ta je ba tare da sanarwa ba, da misalin ƙarfe goma sha ɗaya, lokacin da yara suka fara gajiya, ta nemi a bar ta ta zauna a bayan aji na ɗan lokaci.