Abin da ke sa wasa ya riƙa sarƙewa a kwamfutar tebur, da yadda ake gano shi

A shagunan wasannin bidiyo da ke garin Kuje, da ɗakunan matasan da suka tara kuɗi suka haɗa kwamfutar tebur, ƙorafin kusan ɗaya ne. Ana tsaka da buga EA Sports FC ko eFootball, ɗan wasa ya nufi raga, sai hoto ya tsaya cak na ƙiftawar ido, kafin ya dawo an ƙwace ƙwallo. Ga mai shagon da ke karɓar kuɗi a kan kowane wasa, wannan asara ce, domin abokan ciniki shagon maƙwabci za su koma.

Shawarar da aka fi ba irin wannan mutum ita ce ya sayi sabon katin hoto, wanda galibi shi ne kaya mafi tsada a cikin kwamfutar. Amma kafin a kama hanyar Banex Plaza da ke Wuse 2, akwai binciken da ba ya cin ko kwabo.

Iri uku na matsalar

Motsin da ake gani a allo jerin hotuna ne da ke sauyawa da sauri. Idan kwamfuta na fitar da hotuna 60 a daƙiƙa guda, kowane hoto na da kimanin kashi 17 cikin 1,000 na daƙiƙa ya bayyana. Da zarar ɗaya ya makara har ya ci kashi 100, ido zai ga tsayawar, ko da sauran sun zo a kan lokaci.

Idan wasan na tafiyar hawainiya tun daga farko har ƙarshe, ya fi ƙarfin kwamfutar ne, sai a rage ingancin hoto a saitin wasan. Idan sai an hau intanet yake tsinkewa, amma lafiya lau yake in ana karawa da kwamfuta, laifin layin sadarwa ne, kuma haɗawa da waya ya fi dogaro da Wi-Fi. Iri na uku shi ne mai wuyar sha'ani: wasa na tafiya sumul, sai ya sarƙe, ya saki, ya sake sarƙewa.

Zafi da ƙura

A nan ya kamata mazaunin Kuje ya fara dubawa. Hunturu na kawo ƙura daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ga kuma hanyoyin cikin unguwanni da ba su da kwalta. Daga nan sai bazara, lokacin da zafin rana a yankin Abuja kan haura digiri 35 a Maris da Afrilu. Fankokin kwamfuta na zuƙo wannan ƙura, ta toshe ƙarafunan da ke sanyaya furosesa da katin hoto.

Masu ƙera furosesa sun tsara ta yadda za ta rage gudu da kanta idan ta kusa ƙonewa. Ga yawancin na Intel iyakar na wajen digiri 100, ga na AMD Ryzen da dama kuma digiri 95. Alamar wannan matsala ita ce wasa ya fara lafiya, sai bayan minti 15 ko 20 ya soma sarƙewa. Manhajojin kyauta irin su HWiNFO da MSI Afterburner na nuna zafin kowane ɓangare yayin da ake wasa.

Maganin kuwa: a kashe kwamfuta, a zare ta daga soket, a fitar da ita waje a hure ƙurar, tare da riƙe fanka da yatsa don kada iska ta juya ta fiye da kima. A ɗauke akwatin daga ƙasa a ɗora a tebur, a bar tazara tsakaninsa da bango. Idan an yi shekaru ba a sauya man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen sanyayawa ba, mai yiwuwa ya bushe.

Wutar lantarki

Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce a ƙa'ida, amma duk wanda ke kan layin Kamfanin Rarraba Wutar Lantarki na Abuja, AEDC, ko wani kamfanin irinsa, ya san takan yi ƙasa, takan kuma ɗauke ba sallama. Ƙaramin janareta ma wutarsa na hawa da sauka, musamman idan firji ya tashi.

Akwatin wutar da ke cikin kwamfuta, wanda masu gyara ke kira PSU, shi ke shan wannan wahala. Katin hoto na jan wuta mai yawa ne daidai lokacin da wasa ya ɗau zafi. Idan akwatin ya gaji, ko tun asali ƙarfinsa bai kai abin da aka rubuta a jikinsa ba, kwamfutar kan mutu ko ta sake tashi da kanta ba tare da wani saƙo ba. Windows na rubuta irin wannan mutuwa a Event Viewer da sunan Kernel-Power 41. Lambar shaida ce kawai cewa kwamfutar ta mutu ba shiri, ba ta faɗin dalili.

Sitabilaiza da UPS sun fi sabon katin hoto sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba. Sai dai a kiyaye: kada wanda ba gwani ba ya buɗe akwatin wutar, domin yana riƙe caji mai haɗari ko bayan an zare waya.

Ma'ajiya da RAM

Idan sarƙewar na zuwa ne lokacin shiga sabon fili ko sabon gari a cikin wasa, a duba ma'ajiyar bayanai. Tsohon faifai mai juyawa, HDD, na karanta megabait 100 zuwa 200 a daƙiƙa, yayin da SSD mafi sauƙi ke kai kimanin 550. Manhajar CrystalDiskInfo na nuna ko faifan ya fara lalacewa.

A Task Manager kuma ana ganin ko RAM ta cika. Gigabait 8 ya yi kaɗan ga manyan wasannin yanzu, balle an bar Chrome a buɗe. Sanda biyu na RAM sun fi sanda ɗaya mai girmansu aiki. Idan allo na komawa shuɗi, a cire sandunan a goge a mayar, sannan a gwada su da MemTest86.

Direba da kayan hannu

Direban katin hoto a ɗauko shi daga shafin Nvidia, AMD ko Intel kaɗai. Bayan sabunta shi, wasa kan ɗan sarƙe a karon farko saboda yana sake shirya wasu bayanan hoto, daga baya ya daidaita. Wasannin da aka kwafo ta bayan fage kuwa kan zo da ɓoyayyun manhajoji masu cinye ƙarfin kwamfuta. A tuna kuma Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 kyauta ga kowa tun ranar 14 ga Oktoba, 2025.

Kwamfutoci da yawa a kasuwanninmu na hannu ne. Bayan da Ethereum ta daina amfani da haƙar kirifto a Satumbar 2022, katunan hoto da suka yi aiki dare da rana sun kwararo kasuwannin duniya. Wasu lafiyarsu ƙalau, wasu fankokinsu sun gaji. Ɗigo-ɗigo ko layuka masu launi a allo alama ce ta kati mai ciwo. Kada mai saye ya biya sai an kunna masa wasa na aƙalla rabin awa a gabansa, ya kuma karɓi rasit mai ɗauke da kwanakin garanti.

Ƙa'idar binciken ita ce a sauya abu ɗaya, a gwada, a rubuta sakamako, sannan a wuce na gaba. Wanda ya je wurin mai gyara yana cewa wasa na sarƙewa bayan minti 20, zafi ya kai digiri 95, ya riga ya rage wa kansa kuɗin aiki, kuma da wuya a sayar masa da abin da ba ya buƙata.