Murfin Ma'ajin Mai a Jiragen Ruwan Yawuri

Tun shekarar 1968, da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji, kogin Kwara ya tumbatsa ya zama tafki, ya haɗiye tsohon garin Busa da tsibiran Gungawa da dama, mutanen Yelwan Yawuri da Wara da ƙauyukan bakin ruwa na Ngaski da Shanga suka ƙara dogara ga jirgin katako mai inji wajen cin kasuwannin tsallake. Idan bazara ta yi, ruwa ya ja baya, sai ka ga jirage a gaɓa, masu gyara suna cire katakon da ya ruɓe, suna cusa auduga ko tsumma a tsaga, su bi da narkakkiyar kwalta. Wannan sana'a gadonsu ce, babu mai koya musu ita.

Amma akwai wuri guda a bayan jirgi, inda tankin fetur ko jarkoki suke zaune ƙarƙashin murfin katako, wanda hukuncinsa ya sha bamban da na sauran jikin jirgi, alhali kuwa galibi shi ake bari sai ƙarshe, lokacin da kuɗi da haƙuri duk sun ƙare. Dalili shi ne, kwaltar nan da take hana ruwa shiga, fetur narkar da ita yake yi, domin asalinsu ɗaya ne. Haka nan robar tsohuwar taya, wadda akan yanka a shimfiɗa a bakin murfi, takan kumbura ta yi laushi idan ta daɗe tana shan mai. Abin da ya dace da wurin shi ne robar da aka yi musamman don jure mai, a shimfiɗa ta a kan katakon da ya bushe sarai, a ɗaure murfin da noti wanda ba ya tsatsa, ana matsa na wannan kusurwa sannan na kishiyarta, sannu a hankali, don kada gefe guda ya ɗaga. Ƙusa ba ta da muhalli a nan, saboda murfin da ba a iya buɗewa a duba ƙarƙashinsa, aibinsa ɓoyewa kawai yake yi.

Wajibi ne kuma mai gyara ya haɗa abubuwa biyu masu kama da saɓani. Ruwa ya fi fetur nauyi, saboda haka duk wanda ya kutsa cikin tanki ƙasa yake kwanciya, daidai inda tiyo yake zuƙa, inji ya mutu a tsakiyar tafki, inda kututturan itatuwan da ruwa ya shanye suke jira, ga iskar hadari tana tasowa. Tururin fetur kuwa ya fi iska nauyi, idan aka toshe ma'ajin ruf ba mafita, sai ya taru a ƙasa, ƙyastun ashana ɗaya ya ishe shi. Don haka ake barin ƙaramar kafar shaƙar iska, bakinta a sama, a lanƙwashe, yadda feshin igiyar ruwa ba zai same ta ba.

Malaman Malikiyya sun ɗora wa mai sana'a lamunin kayan da aka ba shi gyara idan suka salwanta a hannunsa, to ina ga abin da rayuka za su hau? Wanda ya tuna musibar watan Mayu na 2021 kusa da Wara, inda jirgi ya kife da fasinjoji fiye da 100, ba zai raina kowane katako ba, ko da yake lodi fiye da ƙima da tsufan jirgi aka ambata a wancan hatsari. A ganina, ya kamata Sarkin Ruwa da jami'an hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa (NIWA), idan suna duba lodi da rigunan ceto a bakin ruwa, su riƙa sa a buɗe murfin nan kafin jirgi ya tashi, a sunsuna, a shafa katakon a ji ko ya jiƙe da mai.