Me Ya Sa Fim Ɗin Soyayya Ke Sa Ka Hawaye? Darasi Daga Fina-finan Beljiyam

Ka taɓa zubar da hawaye a kan labarin da ka san sarai ƙirƙirarsa aka yi? Ba kai kaɗai ba ne. Manazarta fim suna kiran irin wannan labari melodirama. Kalmar tana da tushe a Girkanci, inda "melos" ke nufin waƙa. Wato wasan kwaikwayo ne da ake jingina shi da kiɗa don a motsa zuciya. Wanda ya tashi da kallon fina-finan Indiya ya san abin ko da bai san sunansa ba.

Beljiyam wuri ne mai kyau na gane yadda abin ke aiki. Ƙasa ce ƙarama, amma harkar fim ɗinta kashi biyu ce: ta arewa masu magana da harshen Holan, da ta kudu masu Faransanci. Bari mu ɗauki fim ɗaya daga kowane ɓangare.

Na farko shi ne The Broken Circle Breakdown na Felix van Groeningen, wanda ya fito a 2012 kuma ya shiga takarar Oscar a 2014. Didier da Elise sun ƙaunaci juna, suna waƙa tare a ƙungiyar kiɗan gargajiyar Amurka, sai ƙaramar 'yarsu Maybelle ta kamu da ciwon daji ta rasu. Shi bai yarda da lahira ba, ita kuwa tana neman abin da za ta riƙe, daga nan auren ya fara tsagewa.

Dabarar tana cikin jeranta labarin. Ba a bi shi daga farko zuwa ƙarshe ba. Yanzu kana asibiti da yarinya, an jima an mayar da kai daren da iyayen suka fara haɗuwa suna dariya. Da yake ka riga ka san abin da ke jiran su, dariyar ma sai ta zame maka abin tausayi.

Wannan ba sabon abu ba ne. Kimanin shekara ɗari da suka wuce, wani mai shirya fim a Rasha, Lev Kuleshov, ya nuna fuskar ɗan wasa guda, sau ɗaya ya haɗa ta da kwanon miya, sau ɗaya da akwatin gawa. An ce masu kallo sun ga yunwa a nan, baƙin ciki a can, alhali fuskar ba ta sauya ba. Ka ga kenan ƙwaƙwalwarka ce ke ɗinke hoto da hoto ta fitar da ma'ana.

Na biyu shi ne L'Enfant, wato "Yaro", na 'yan'uwan nan biyu Jean-Pierre da Luc Dardenne, wanda ya ci Palme d'Or a bikin Cannes na 2005. A Seraing aka ɗauke shi, garin masana'antun ƙarfe da tattalin arzikinsa ya durƙushe, kusa da Liège. Bruno ɗan shekara 20 ne, ɓarawon tsaye, Sonia 'yar 18, ta haifa masa ɗa. Rana ɗaya ya ɗauki jaririn ya sayar. Da ya gaya mata, sai ta yanke jiki ta faɗi.

Labari ne da za a iya cika shi da goge da kuka. Amma su Dardenne ba su sa maka kiɗan da zai ce "yanzu ka ji tausayi" ba. Kyamara a hannu take, tana bin Bruno a baya, sai ƙarar motoci da numfashi. Ba a gaya maka abin da ke ransa, dole ka yi ta karanta fuskarsa da kanka. Shi ya sa a ƙarshe, da Sonia ta ziyarce shi a kurkuku suka fashe da kuka tare, abin da ka daɗe kana dannewa sai ya ɓalle.

To me ya sa muke biyan kuɗi don a ɓata mana rai? A 2016 Robin Dunbar da abokan aikinsa a Jami'ar Oxford sun nuna wa wasu mutane fim mai ban tausayi, wasu kuma shirin da ba ya motsa rai. Sun gwada juriyar ciwo ta hanyar sa mutum ya jingina da bango kamar mai zama a kujerar da babu ita. Waɗanda suka kalli mai ban tausayin, a jimlace, juriyarsu ta ƙaru, sun kuma ƙara jin kusanci da abokan kallonsu. Masu binciken sun danganta hakan da endofin, sinadarin da jiki ke saki don rage zafi. Lura fa, ba endofin ɗin suka auna kai tsaye ba, alamarsa suka bi, kuma ba kowa abin ya yi wa tasiri ba.

Don haka in wani fim ya sake taɓa ka, gwada wannan: mayar da wurin baya, ka kashe sautin, ka sake kallo. In har yanzu ƙirjinka ya yi nauyi, labarin ne da 'yan wasan suka kama ka. In kuwa ka ji wayam, to makaɗin ne ya yi aikin.