Allurar Da Ake Sa Wa Yaro Kafin Aikin Zuciya

'Yan'uwa manoma, cikin kowane jarirai 100 da ake haifa, wajen ɗaya yakan zo da lahani a zuciyarsa. Waɗansu zuciyar ce da huji. Irin wannan yaro yakan yi haki da gumi wajen shan nono, ba ya girma sosai, wani ma leɓunansa sukan yi shuɗi-shuɗi. In mun ga haka, mu kai shi asibiti da wuri, gama da yawa suna warkewa in an yi musu aiki. A Nijeriya an fara buɗe zuciya a yi mata aiki a asibitin koyarwa na Inugu a 1974.

Kafin a soma aikin, bayan an sa yaron barci, likita yakan zura siririn bututun roba cikin jijiyar jini mai bugawa, yawanci ta wuyan hannu. Ta nan ake ganin ƙarfin jininsa a kowane bugun zuciya. Ta nan kuma ake ɗiban jini don awo, ba sai an yi ta sukarsa ba.

Wahalar ita ce, jijiyar jariri faɗinta bai kai milimita 2 ba. Dā likita yakan lalube ta da yatsa, ya soka allura. Mun san yadda haƙar rogo take. In ba ka ga inda saiwa ta bi ba, sai fartanya ta sare ta. Haka nan in allura ta kuskure, jijiyar takan tsuke, jini ya taru ƙarƙashin fata, gwaji na biyu ya fi na fari wuya.

Yanzu ana amfani da na'urar nan da ake yi wa mata masu juna biyu hoton ciki. Tana aika sauti wanda kunnenmu ba ya ji, sautin ya dawo kamar amsa-kuwwa, ya zama hoto. Haka jemage yake gane hanya da dare. A hoton, jijiyar takan fito kamar baƙin rami yana bugawa, likita yana kallon bakin allura har ta shiga. Da masana suka tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan yara, a 2016 da kuma 2023, sun tarar ana dacewa a sukan farko kusan ninki biyu in an yi da na'urar, kumburi kuma ya ragu.

Saboda haka in aka fito da yaro da bututu a hannu, kada mu tsorata, za a cire shi in ya murmure. Kada mu taɓa shi. Amma in yatsun suka yi sanyi ko suka koɗe, ko jini yana ɗiga, mu kira nas nan da nan.