Kwana goma na kame baki, daga Indiya zuwa Birnin Gwari

A garin Igatpuri na ƙasar Indiya akwai cibiyar Dhamma Giri, wadda S. N. Goenka ya buɗe a 1976. Wanda ya shiga zai miƙa wayarsa, ya zauna kwana goma, kusan dukansu ba magana, ba abin da yake yi sai lura da numfashinsa da abin da jikinsa ke ji. Wannan horo, Vipassana, daga koyarwar Buddha ya samo tushe. A 1979 Jon Kabat-Zinn na Jami'ar Massachusetts a Amurka ya cire wa irinsa rigar addini, ya mayar da shi darasin mako takwas ga masu fama da ciwo da damuwa, kuma daga nan asibitocin Turai suka ɗauka.

Mutumin Birnin Gwari ba baƙo ba ne ga wannan tsari, domin yana da i'itikafi. Littafin Risala da ake karantawa a zaurukanmu ya fi son a yi kwana goma, da azumi, ba ciniki, ba zuwa jana'iza, ba gaida mara lafiya. 'Yan Ƙadiriyya da Tijjaniyya kuma suna da halwa. To, a yankin da ya shafe shekaru yana binne 'ya'yansa yana haɗa kuɗin fansa, ina ganin ya kamata malamai su ɗauki waɗannan kwanaki a matsayin jinyar zuciya ma, bayan ladan da ake nema. Sufayen Buddha na ƙasar Tailan daji suke shiga neman natsuwa. A nan kuwa dajin Kamuku da na Kuyambana su ne inda fargabar take fitowa, don haka masallacin cikin gari ne kaɗai mafaka da ta rage wa wanda barci ya ƙaurace wa.

Wani zai ce kwatanta i'itikafi da aikin mabiya Buddha ganganci ne. Gaskiyarsa ta fuskar aƙida: mai Vipassana yana kallon kansa ne, mai i'itikafi yana fuskantar Ubangijinsa da zikiri da tilawa, kuma ba wanda ya ce a gauraya su. Abin lura kawai shi ne likitoci sun gane amfanin keɓewa da rage surutu, alhali mu da muka gaje su muna shiga masallaci da waya da caja, ana hira har sahur.

Suka mafi nauyi ita ce zaman masallaci ba ya korar ɗan bindiga. Haka ne. Tsaro aikin hukuma ne, kuma sulhun da Gwamna Uba Sani ya jagoranta a Nuwamba 2024 ne ya sa aka sake buɗe kasuwar shanu. Amma manomin da aka sako daga daji yakan dawo da firgici da sulhu bai warkar ba. Idan abin ya yi tsanani, limami ya tura shi asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, kada ya ce masa ya ƙara haƙuri kawai.